Inda na kai wajen zaɓen ƙaramar tarakta don gonata ta hanyar Tibiri

Ƴan'uwana masu koyon aikin tarakta, assalamu alaikum. Tun bayan girbin bara nake fafutukar neman ƙaramar tarakta, yau kuma kwananta arba'in a hannuna, agogonta ya ƙara awa 62 a kan abin da na tarar. Tunda da yawa daga cikinku suna kan matakin da na baro, wato kuɗi sun fara taruwa amma ba a san wadda za a saya ba, na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Gonar gado ce, hekta shida a kan hanyar Tibiri: huɗu jigawa ce da muke shuka hatsi da wake da gujiya, ɗaya da rabi geza, sai ɗan yankin fadama na rabin hekta da ya gangara wajen gulbi. Gezar ce ta sa na fara tunanin mallakar tarakta. Duk wanda ya taɓa noma irinta ya san cewa idan ta bushe garmar shanu sai dai ta yi ta karce samanta, idan kuma ruwa ya sauka kwana biyu ko uku kawai take ba mutum kafin ta sake ɗaurewa, a cikin kwanakin nan ne kuma kowa yake layin tarakta ta haya. Damana biyu a jere layi bai zo kaina ba sai da danshi ya tsere.

Da farko idona yana kan babba, irin Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, saboda ita muka saba gani a manyan gonaki, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai son a gani a ciki. Abin da ya sauke ni daga wannan doki shi ne igiyar awo. Wani dattijon makanike da ya shekara fiye da talatin yana kwance injinan gazuwal, wanda ya zama malamina a wannan harka, ya ce mini: "Malam, kafin ka je kallon tarakta, je ka auno gonarka tukuna, ka ƙirgo mini itatuwanta." Na yi mamakin maganar, amma na tafi. Na ƙirga gawo 47 a jigawar kaɗai, ban da kalgo da sabara da aduwa, kuma a wurare da dama tsakanin itace da itace bai wuce taku shida ba. Mahaifinmu yana cikin waɗanda suka karɓi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, aikin da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya fara yaɗawa a nan jihar Maradi tun 1983. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma hatsin gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya. Ga shi doka ta hana sare shi ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Sai na tuna yadda direban hayar da ya taɓa shigo mini da babbar tarakta ya yi ta mita yana karya rassa, yana barin tsibirai na ƙasar da bai taɓa ba a kewayen kowane itace, daga ƙarshe ma ya ba ni shawarar in rage su. Na auna turbar amalanke da ta ratsa tsakanin gonakin maƙwabta, na auna ƙofar gidan da tarakta za ta kwana, duka suka nuna mini cewa abin da faɗinsa ya kai mita biyu zai zame mini rigima da mutane.

Akwai kuma maganar ƙasar kanta. Jigawa ba ta neman a kife ta da zurfi, domin rairayi ne sakakke, idan aka tayar da shi guguwar da ke gaban ruwan farko sai ta kwashe shi ta binne tsiron hatsi. Ashe ƙarfin da nake nema na hekta biyu ne kawai, geza da fadama, sauran aikin duk na jan taki da kwasar damma da juya injin sussuka ne.

Iri uku na duba. Na fara da mai ƙafa biyu ta ƙasar Sin, wadda ake bi a baya ana riƙe da hannu, mai silinda ɗaya da ƙarfin doki 12 zuwa 15. Injinta ɗan'uwan na injin niƙa ne, saboda haka kowane mai gyara a unguwa ya san cikinsa, kuma ga mai lambu a Jiratawa ko gefen tafkin Madarunfa ban ga abin da ya fi ta ba. Ni dai na bi ta rabin yini a gonar wani abokina, kafaɗuna suka faɗa mini gaskiyar shekaruna. Ta biyu ita ce ƴar ƙaramar Kubota ta hannu da ake kawowa daga Japan, mai jan ƙafa huɗu, kyakkyawa, mai juyawa a wuri kaɗan. An ƙera irinta don gonakin shinkafa, har tayoyinta masu dogon haƙori na taɓo ne, kuma da na zaga shagunan kayan gyara da lambarta a takarda, mutum ɗaya ne ya ce zai iya sa a nemo mini matatar man injinta. Ta uku ita ce ajin doki 45 zuwa 50, irin Mahindra 575 ta Indiya da Massey Ferguson 240, wadda kamfanin Millat yake harhaɗawa a Pakistan.

Wannan zagayen shaguna shi ne abu mafi amfani da na yi a duk watannin nan, kuma ina roƙonku ku yi shi kafin ku taka wurin dillali. Na rubuta abubuwa biyar: matatar gazuwal, matatar baƙin mai, farantin kuloci, famfon ruwa, da tayar baya mai lamba 12.4-28, na riƙa tambayar wanne ake da shi yau a kan kanta, wanne kuma sai an aika. Injin Perkins mai silinda uku da ke cikin 240 tsohon zubi ne, shi ne a cikin Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, don haka hannun makanikai ya daɗe da sabawa da shi. Da yawa sun ce mini kada in damu, komai ana samu a Katsina ko Kano, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya a dawo a yini ɗaya. Gaskiya ne, amma wanda ya ga rufe iyaka na 2019 da na 2023 ba zai jingina damanarsa da wannan hanya ba, domin tarakta ba ta lalacewa sai ranar da aka fi bukatarta.

Ranar da ni da dattijon muka je wurin dillali ganin tarakta ta farko ba zan manta da ita ba. Mun tarar da ita an wanke ta, fenti yana ƙyalli, dillalin ya murɗa makulli ta tashi take ba gardama, ni kuwa zuciyata ta riga ta biya kuɗi. Dattijon bai ce komai ba, ya dai ɗora bayan hannunsa a jikin injin kafin a tayar, sannan ya raɗa mini cewa da ɗuminsa, an riga an tayar da shi kafin mu iso. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai injin yana aiki, sai ga hayaƙi yana bulbulowa kamar na murhun ɗanyen itace. Ya duƙa ya nuna mini takalmin kuloci da na birki sun suɗe sumul, alhali agogo yana nuna awa dubu ɗaya da ƴan kai. Da muka fito na ce masa: "Baba, ai ta yi araha." Ya ce: "Malam, araha ba ta ado. Gobe da asuba za mu dawo, mu za mu fara taɓa ta." Washegari da sanyin safiya sai da aka yi ta fama har batir ya gaji, da ta tashi kuma shuɗin hayaƙi ya cika wurin. Muka yi sallama.

Wadda na saya a ƙarshe 240 ce da fentinta ya koɗe, daga hannun wani manomi da ya koma babba. Ta tashi da sanyi a murɗa ɗaya. Mun maƙala mata garma aka ɗaga sama, aka kashe injin, muka zauna muka sha shayi, garmar ba ta sauko ba, alamar famfon haidirolik bai gaji ba. Mun leƙa ruwan lagireto ba mu ga maiƙo ba, mun duba sandar awon mai ba mu ga ya koma kalar madara ba, mun shiga kowace giya, mun taka birkin dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya. Tayar baya ɗaya ta tsattsage, aka rage mini kuɗinta a ciniki.

Tuntuɓen da na yi da ƙafata shi ne na haro, wato abin da tarakta ke ja yana farfasa ƙasa bayan garma. Na same shi da sauƙin kuɗi na saya ban tambayi kowa ba, da aka kawo shi gida sai ƙusoshinsa suka ƙi shiga hannayen tarakta. Maƙalar baya mai hannu uku, wadda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, aji-aji ce: aji na ɗaya ƙusoshinsa na ƙasa milimita 22 ne, na biyu kuma 28. Wasu taraktocin suna zuwa da ƙwallayen da ake canzawa don su karɓi duka biyun, tawa ba ta zo da su ba. Mai walda ya canza ƙusoshin, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin haron na babbar tarakta ne, da na ɗaga shi sai gaban tawa ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Na sayar da shi da faɗuwa, na nemi ƙarami. Garmar faifai ma mai faifai biyu na ɗauka, ba mai uku ba, kuma ku lissafa kuɗin garma da haro da tirela tun farko, kada ku zuba komai a tarakta ku kawo ta gida ta zauna ba abin ja.

Ga abin da awa 62 ɗin nan suka nuna mini. Kafin ruwa ya sauka na yi sati biyu ina jan taki daga gari, aikin da amalanken shanu yake cinye mana wata guda. Da aka yi ruwan shuka na shiga gezar washegari, na gama hekta ɗaya da rabi cikin awa bakwai, na kuma auna shan mai ta hanyar cika tanki kafin aiki da bayansa, ya kama kusan lita huɗu a awa. A tsakanin itatuwa tana juyawa yadda nake so, sai dai ƙayar aduwa ta fasa mini tayar gaba sau biyu, wani kututturen sabara da ciyawa ta rufe kuma ya kusa fizge sitiyari daga hannuna. Yanzu yara suna riga ni shiga, suna kafa kara a kan kowane kututture. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar injin a ƙasarmu, don haka kowace safiya nake duba matatar iska in kakkaɓe ragar lagireto, gazuwal kuwa ba na zuba na jarka sai ya kwana ya kwanta, na tace shi.

Abu biyu na tsaro dattijon ya maimaita mini har na haddace. Na ɗaya, sandar da ke juyi a baya, wadda makanikai ke kira PTO, tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau tara a daƙiƙa, kuma idan ta kama bakin babbar riga ko jelar rawani babu wanda yake da saurin kashe injin. Ni da na saba fita da riga mai faɗi yanzu sai na tuɓe na sa ta aiki kafin in hau, murfin sandar kuma ba na cire shi. Na biyu, ba a ɗaura igiyar jan kaya a saman gatarin baya, sai a ƙarfen ja na ƙasa, in ba haka ba tarakta tana iya miƙewa ta kife da bayanta a kan direba. Tawa ba ta zo da ƙarfen kariya na saman kujera ba, ina nemansa. Yara ƴan son hawa gefen taya kuwa na hana, ko da za su yi fushi.

Lissafin da bai rufe ba tukuna shi ne na rani. Hekta shida ba za su riƙe tarakta su kaɗai ba, dole ta fita haya, ta yi sussukar hatsi bayan girbi, ta yi dakon taki da kara, kuma har yanzu ban yanke ko zan sayi injin sussuka ko zan haɗa gwiwa da wani mai shi ba. Maƙwabta uku sun riga sun yi magana a kan gezarsu ta baɗi. A ɓangaren tuƙi kuma, komawa da baya da tirela ya gagare ni: shekaranjiya na karya dangar maƙwabcina, na biya jika biyu na gyara, ga dariyar da yaran unguwa suka sha. Dattijon ya sa na jera duwatsu a filin bayan gida, kowace yamma bayan la'asar ina gwada shiga tsakaninsu da baya, jiya sau uku cikin goma na shiga ban taɓa dutse ba.