Katakon da ke kai min ƙugiya tsakiyar kogi

Masu fatsa daga gaɓa sun san matsalar: kifin kirki yana can inda ruwa ke gudu, hannunka kuma ba ya iya jefa ƙugiya har can. Masuntan manyan tafkunan Amurka, irin su Michigan, suna da dabara. Sukan ja ɗan katako a bayan jirgi, shi kuma ya kauce gefe da zaren. Na ce bari in gwada nawa a Yauri.

Guntun katako mara nauyi na samo wurin kafinta, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Na sa zarto na yanke gabansa a karkace, na goge, na shafa fenti ja don in riƙa hango shi. A gefen ƙasa na manna dalma, ita ce ke sa ya tsaya a kan gefensa maimakon ya kwanta.

Sirrin yana wurin ɗaura zare. A jikinsa ake ɗaurawa, kusa da gaba, ba a hanci ba. Ruwa na bugun karkataccen gaban, zare na riƙe shi, sai ya yi ta tafiya gefe kamar akuyar da ta ƙi bin mai ita. Ƙugiya da koto suna biye a baya.

A ruwan da ba ya gudu kuwa, sai ka riƙa tafiya a gaɓa kana jansa. Wani dattijo ya tsaya kallo, ya ce, "Ɗana, nawa za ka yi min irinsa?" Na ce, "Baba, kawo katako kawai."