Banda a ƙasar da ba ta da itace

Har yau idan na buɗe babi na goma sha ɗaya na labarin almarar da nake rubutawa sai raina ya ɓaci, domin a cikinsa ne na ƙona rumfunan banda guda arba'in a garin da ko itacen dafa abinci ba shi da shi. Sunan garin Tungar Jaura, ni na ƙage shi, na dasa shi a bakin wani babban tabki a ƙarshen duniyar labarina, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata takwas a shekara, kuma bayansa babu sauran mazaunin ɗan Adam sai duwatsu da halittun da mutanen garin ba sa ambata da dare. Mutanensa masunta ne da fatake. Na naɗa musu Sarkin Ruwa, na ba su madugai da dillalai da masu masauki, na zana taswirar lungunansu da hannuna, kuma duk wannan ya tafi daidai, ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau ba.

Abin da ya faru shi ne, na tashi a gidan da ake fataucin kifi. Kawuna ya yi shekaru yana sayen banda a Doron Baga, a bakin tabkin Chadi, yana lodawa a kwali ana kai wa kudu, kuma tun ina yaro na san ƙa'ida ɗaya da ba ta canzawa: kifi da ya fito daga ruwa abokin gabarsa lokaci ne, idan ba a kai shi kan wuta ba kafin rana ta yi nisa, an yi asara. Wannan ilimin ya zauna a jikina har ban taɓa ɗaukarsa a matsayin abin da ya dogara da yanayin wuri ba. Saboda haka da na zo gina garin masunta a ƙasar sanyi, sai na ɗauko Baga ɗungurungum na zuba mata ƙanƙara a kai, na sa wa mutanenta rigunan fata, na ce na gama. A kan wannan harsashi na ɗora makircin labarin gaba ɗaya: wani madugu mai haɗama ya jira tsakiyar hunturu, lokacin da na ce hanyoyi sun toshe, ya sa aka cinna wa rumfunan banda wuta, kifin shekara ya ruɓe cikin kwana uku, yunwa ta tilasta wa garin sayar masa da haƙƙin kamun kifi a tabkin. Wata bakwai ina sakin labarin babi-babi ga masu karatu, wasunsu har da kuɗinsu suka biya.

Daren da na saki wannan babin, wata mai karatu, likita ce da ta yi karatunta a Rasha, ta aiko mini da saƙo a keɓe cikin ladabi. Ta fara da yabon labarin, sannan ta ce, Malam, tana da tambayoyi uku. Ta yaya kifi zai ruɓe a tsakiyar sanyin da na kwatanta, alhali kifin da aka zaro daga ramin ƙanƙara a irin wannan yanayi yakan sandare kafin masunci ya tattara kayansa? Ina mutanen suka samo itacen da za su ciyar da rumfuna arba'in, bayan ni da kaina na rubuta a babi na biyu cewa babu bishiya ko ɗaya sai an yi tafiyar kwana tara? Kuma me ya sa nake cewa hunturu ne ke rufe hanya, alhali a irin waɗannan ƙasashe shi ne yake buɗe ta? Na karanta saƙon sau uku, na nemi amsa ko guda ɗaya na rasa, kuma ban yi barci ba a daren.

Tambaya ta biyu ce ta fi yi mini ciwo, domin ba ta buƙatar sanin Rasha ko wata ƙasa, ni na rubuta hujjar da ta karya ni da hannuna. Na san yawan itacen da banda ke ci, na ga tulinsa a bakin tabki tun ina ƙarami, amma idona bai taɓa haɗa wannan da babi na biyu ba.

Sai na dakatar da labarin na koma bincike, abin da ya kamata in yi tun farko. A birnin Yakutsk na yankin Saberiya a Rasha, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, masu sayar da kifi a kasuwa suna jera shi a tsaye cikin kwanduna kamar itacen rake, babu firji babu gishiri, iska ce kawai ke adana shi. Birnin yana gefen kogin Lena, kuma shekara da shekaru mutanensa da kwale-kwale da jirgin fito suke ƙetarewa da bazara, da hunturu kuma motoci su bi ta kan ƙanƙarar kogin. Lokacin wahala shi ne tsakanin biyun, sa'ad da ƙanƙara ta yi laushin da ba za ta ɗauki kaya ba, amma ba ta narke ta bar jirgi ya wuce ba. Ko a yaƙin duniya na biyu, da aka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya, ta kan daskararren tabkin Ladoga aka riƙa shigar da abinci tun daga watan Nuwamban 1941. Ashe madugun nawa ya zaɓi lokacin da garin ya fi kowane lokaci ƙarfi, rumbunsa cike, hanyarsa a buɗe, ya kai masa hari da makamin da ba shi da amfani.

Na kuma gano dalilin da ya sa kamun kifi ke yiwuwa a can tun farko. Ruwa ya fi nauyi idan zafinsa yana wajen digiri 4, saboda haka tabki daga sama yake daskarewa, ƙasansa ya zauna ruwa, kifi ya ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin murfin. A tabkin Chagan na arewa maso gabashin Sin har yau ana fasa ramuka a jere, a zura taru mai tsawon gaske ta ƙarƙashin ƙanƙara daga rami zuwa rami, dawakai su juya wata na'urar katako da ke jawo shi waje. Da na ga haka sai na fahimci cewa aikin Sarkin Ruwa a Tungar Jaura ba rabon wuraren jefa koma ba ne kamar yadda na rubuta, babban aikinsa shi ne sanin kaurin ƙanƙara da bayyana ranar da za a hau ta da ranar da za a sauka, kuma kuskurensa na kwana ɗaya na iya cinye ayari guda.

A nan na kusa sake faɗawa wani ramin, kuma ina faɗar wannan ne domin duk wanda zai bi wannan hanya ya yi hattara. Kifin da ya daskare yana amfani ne muddin yana cikin sanyi, idan fatake suka gangara da shi ƙasashe masu ɗumi zai narke ya lalace, don haka garin kasuwanci yana buƙatar hajar da za ta jure tafiya. Amsar tana nan a kasuwanninmu, busasshen kifin nan mai tauri kamar katako da ake shigowa da shi daga Norway, wanda 'yan kudu ke kira okporoko. A tsibiran Lofoten na Norway ana rataye shi a kan rumfunan katako daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, babu hayaƙi babu gishiri, iska ta busar da shi har ya rasa mafi yawan nauyinsa, ya kuma yi shekaru bai lalace ba. Shi ne ya ɗaukaka birnin Bergen na ƙasar, inda fataken Jamus suka kafa zangonsu wajen shekarar 1360 suna kawo hatsi suna tafiya da kifi. Cikin murna na rubuta cewa mutanena suna shanya kifi a tsakiyar hunturu, sai daga baya na karanta cewa sanyi mai tsanani yana ɓata naman, shanyar tana son yanayin da ke kai-komo a kusa da sifili tare da iska mai kaɗawa. Da ban sake dubawa ba, da na maimaita laifin babi na goma sha ɗaya da sabuwar riga. Na mayar da shanyar zuwa ƙarshen hunturu, kuma wannan ƙaramin gyara ya ba ni kalandar garin gaba ɗaya.

Amma itacen nan dai shi ne ya ƙi barina. Idan babu bishiya, da me ake gina rumfar shanya, da me ake sassaƙa jirgi, da me ake dumama ɗaki? Mutanen Iceland na dā sun dogara da gungumen da teku ke turowa gaɓa, har mallakar bakin ruwan da itace ke taruwa ta zama dukiyar da ake gādo ana shari'a a kanta, sauran wutarsu kuma daga kashin tumaki da wata baƙar ƙasar fadama da ake yankawa a busar. Al'ummar Inuit na can ƙarshen arewacin duniya kuwa a dā fitilar dutse suke kunnawa da kitsen dabbobin teku, ita ce haskensu, ita ce murhunsu. Sai na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko: a Tungar Jaura kifi shi ne abu mafi araha, abin da ake mutuwa a kansa itace ne da hatsi. Wanda ya riƙe ayarin katako ya riƙe wuyan garin, kuma mai son ya durƙusar da shi ba ya buƙatar ƙona kifi, ya isa ya jinkirta ayarin hatsi da itace har ƙanƙarar tabki ta fara laushi, sannan ya zauna ya jira makonnin da babu shiga babu fita.

Na sauke babi tara na sake rubuta su, abin da ya ci mini wata huɗu. Wasu masu karatu sun gaji da jira sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba, na mayar wa waɗanda suka nema kuɗinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani yanayi da na fi so a duk labarin, inda wata tsohuwa ke tsaye cikin hayaƙin rumfar mijinta tana kiran sunayen 'ya'yanta, dole na cire shi domin babu rumfar da za ta ƙone. Na yi kwanaki ina neman dabarar da zan bar shi, har na yi tunanin in ƙago wata bishiyar sihiri da ke tsiro a cikin ƙanƙara, amma na san cewa idan na yi haka na yi ne don in ɓoye kasalata, kuma mai karatu yana yafe wa marubucin almara dodo da aljani, ba ya yafe masa murhun da ke ci babu makamashi.

Yanzu kafin in sa wa kowane gari suna, sai na zauna da takarda na rubuta abin da mutanensa ke ci a watan da ya fi tsanani, abin da suke ƙonawa, abin da suke sayarwa, da makon da hanyarsu ke yankewa, sannan in nemi wanda ya taɓa zama a irin yanayin ya karanta kafin kowa. Likitar nan ita ce ta fara karanta sabon babi na goma sha ɗaya. Ta dawo mini da gyara guda ɗaya, cewa wanda ya kama ƙarfe da hannu tsirara a irin wannan sanyi fatarsa na iya mannewa a jiki, saboda haka ƙofar gidan Sarkin Ruwa ba za ta yi mariƙin ƙarfe ba. Na mayar da shi na ƙashi a daren.