"Kai ka zauna baya da ita"

A wurare da yawa a Amurka mutum biyu ne ke cikin motar ɗaukar marasa lafiya: paramedik (babban ma'aikacin agajin gaggawa) da EMT (ƙaramin ma'aikacin agajin gaggawa). Ni EMT ne. Horona bai fi na awa 150 ba, na abokin aikina paramedik kuwa ya haura awa 1,200. Shi ke sa ƙarin ruwa, ya karanta gwajin zuciya na ECG, ya zura bututun numfashi. Nawa oksijin, asfirin, danna ƙirji da ɗaure rauni. Kuma ƙa'ida ta ba shi dama, in ya duba mara lafiya ya ga abin bai kai nasa ba, ya miƙa min ya koma sitiyari.

Kalmar "in ya duba" ɗin nan ita ce har yau take ci min rai.

Kiran 911 ne (lambar neman agajin gaggawa) da asuba. Tsohuwa mai ciwon suga, tashin zuciya da kasala, zufa ta jiƙe mata riga alhali ɗakin da sanyi. Ƙirji ba ya mata ciwo. Na auna suga, lafiya lau. Gogan ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce abinci ne ya ɓata mata ciki: "Kai ka zauna baya da ita." Ko jakar na'urar ECG bai buɗe ba.

Ai ko ɗan koyo ya san cewa mata da masu ciwon suga kan samu toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Na ce ba zan karɓe ta ba sai ya yi ECG. Ya haɗe rai, ya manna wayoyin yana gunaguni. Da takardar ta fito sai ya yi tsit. Jijiya ta toshe. Nan take ya koma baya, ni na kama tuƙi, muka nufi asibitin da ke iya buɗe jijiya, aikin da ake so a yi cikin minti 90.

Da na yi kara na karɓa fa? Ƙaramin asibiti za mu kai ta, kuma sunana ne a rahoto a matsayin wanda ya kula da ita, duk da shi ma ba zai tsira daga tuhuma ba.

Yanzu duk wanda zai miƙa min mara lafiya, sai na tambaye shi abin da ya duba, in rubuta sunansa da lokacin. Wasu na cewa na cika taurin kai. Shi kuwa gogan, a rahotonsa ya nuna kamar tun farko shi ya yi tunanin gwajin.