Mai bizar karatu da bakinsa a jami'ar Amurka

Idan 'yan fadarmu ta unguwar Birni suka kira ni ta WhatsApp, tambayarsu ba ta wuce sanyi, abinci da kuɗin haya. Waɗannan duk an wuce wurin: na sayi rigar sanyi, na gano shagon da ake samun garin masara da kuka, na san motar da ke kai ni masallacin Juma'a. Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne sanin inda zan buɗe baki da inda zan kama shi a harabar jami'a.

Mu da muka yi karatu a Damagaram mun taso a hannun USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar. Kowace 9 ga Fabrairu muna tuna ɗalibai uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. In bursu, kuɗin tallafin karatu, ya yi jinkiri a kira taro, a fito titi, jami'an tsaro su tarbe mu da barkonon tsohuwa. Akwai wuya, amma mai hana ka magana kana ganinsa ido da ido.

A nan doka tana da ƙarfi a rubuce. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana gwamnati toshe bakin mutum, kuma ya hau kan jami'o'in gwamnati. A 1989 wata kotun tarayya ta soke dokar da Jami'ar Michigan ta kafa kan kalaman ƙiyayya, don ta yi faɗi har tana cin halattacciyar magana. A cikin aji kuwa 'yancin na gaske ne. Na ga yarinya 'yar shekarar farko ta ce wa farfesa ba ta yarda da shi ba, shi kuma ya gyara tsayuwa ya saurare ta har ta gama. Wannan abu ina yi wa jami'o'inmu fatansa da zuciya ɗaya.

Da ka fito daga aji sai takardu su tare ka. Jami'a na da ikon tsara lokaci, wuri da yadda za a yi taro, jami'o'i masu zaman kansu kuma dokar da suka ga dama suke shimfiɗawa. A tamu sai ka cike takarda kwanaki kafin gangami, lasifika tana da sa'o'inta, sanarwar bango sai da hatimi, kafa tanti haramun ne. Ban ce duka zalunci ba ne, mai jarrabawa ma yana da haƙƙin a bar shi ya natsu. Sai dai bayan Afrilun 2024, da 'yan sanda suka kama ɗalibai fiye da 100 a Jami'ar Columbia kan zaman dirshan na Gaza, jami'o'i da yawa sun ƙara ɗaure dokokin, har ya zama kana iya karya su ba ka sani ba.

Ɗan ƙasa in ya karya, a dakatar da shi ya koma gidan iyayensa. Mu baƙi, dakatarwa tana iya tafiya da biza. A Maris 2025 jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil na Columbia, alhali yana da katin zama na dindindin. Cikin watan kuma aka ɗauke Rumeysa Ozturk, 'yar Turkiyya mai karatu a Jami'ar Tufts, a kan titi. Abin da aka sani ta yi shi ne sa hannu a wani sharhi a jaridar ɗalibai. Sai a watan Mayu alƙali ya sa aka sake ta. A waɗancan makonnin, bayan an idar da Juma'a, na ga 'yan'uwa daga Sudan da Bangladesh kowa ya sunkuya kan waya yana goge abin da ya taɓa rubutawa. Daga Yunin 2025 ma mai neman bizar karatu sai ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba.

Wani abokin karatuna Ba'amurke, mutumin kirki, ya kawo mini takardar koke kan Gaza in sa hannu. Ya ce haƙƙina ne, kuma bai yi ƙarya ba. Na tuna Inna da ƙannena da ke jiran wannan digirin, na mayar masa da alƙalaminsa. Har yanzu abin yana ci mini rai, don ba wanda ya hana ni, ni na hana kaina.

Shi ya sa na shiga ƙungiyar ɗalibai baƙi. Mun rubuta wa shugabannin jami'a muna neman su faɗa mana a rubuce wane laifi ne ke kai ga dakatarwa, su kuma tanadi lauyan da ɗalibi zai kira in an tare shi. Lambar lauya mun samu. Na farkon muna jiran amsa, kuma za mu sake kai takardar a zangon karatu mai zuwa.