Auna gyatsar saniya a bayan garin Kumasi

Yawancin metan, iskar nan mai ɗumama duniya, da saniya ke fitarwa ta baki da hanci take fita, gyatsa ce daga tumbi, inda ƙananan halittu ke narkar da ciyawa. Shi ya sa binciken kammala karatuna ya tsayar da ni a gaban hancin shanu, a wani garke na Sanga da Bunaji da ke kan hanyar Mampong. Da asuba nake barin Aboabo don in same su kafin a kora su kiwo.

Hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce a rufe saniya a ɗaki na musamman, a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, irin ɗakunan cibiyar Mazingira ta ILRI, hukumar binciken dabbobin kiwo ta ƙasa da ƙasa, a Nairobi. Ba mu da shi. Kuma saniyar da ta saba yawon daji, in ka kulle ta, cinta ma sai ya canja. Dabarar SF6, wadda aka fito da ita a Amurka a 1994, ta fi dacewa da kiwo: a tura ɗan bututu mai sakin wata iska, SF6, cikin tumbi, a rataya wa dabba gwangwanin tara numfashi yini da kwana, sannan a gwada yawan metan da na SF6 ɗin. Da na bayyana wa mai garken, sai ya ce, "Ɗana, ƙarfe a cikin saniyata? A kai kasuwa." Magana ta mutu a nan.

Saura na'urar leza ta hannu, wadda asalinta ta gano yoyon gas ce. Kana tsaye nesa kaɗan, ka saita ɗigon haske a hanci. In saniya na kwance tana tuƙa, za ka ga lamba ta yi tsalle da kowace gyatsa, abin sha'awa. Amma da iskar hunturu ta kaɗa, ko ta juya kai ta kori ƙuda, shi ke nan. Saniya ɗaya, safe daban, yamma daban. Sannan kaurin iskar a bakin hanci take nuna maka, ba giram nawa ta fitar a yini ba. Ta isa a kwatanta wannan garke da wancan, ba ta isa a rubuta wa ƙasa lissafi ba.

Abin da ya fi min amfani ba ya ko cin batir: tef na auna ƙirji don ƙiyasta nauyi, da sikelin auna ciyawa. Jagorar 2006 ta IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, a matakinta na farko ta ba shanun Afirka da ba na madara ba kilo 31 na metan a shekara kowace, kuɗin goro. Mataki na biyu na jagorar kuwa yana bin nauyin dabba da abin da ta ci, ya ɗauki kashi 6.5 cikin ɗari na ƙarfin abincin a matsayin wanda ya tafi a metan. Nan wahalar take. Da rani shanun sun rame, suna cin busasshiyar ciyawa da ɓawon rogo in an samu, da damina kuwa sun murje. Lamba ɗaya ba za ta ɗauki duka biyun ba.

Gana na cikin ƙasashen da suka shiga alkawarin Glasgow na 2021, na rage metan a duniya da kashi 30 cikin ɗari zuwa 2030. Ni dai da za a ba ni kuɗin sayen leza ta biyu, sikelin auna shanu zan saya, in ɗauki yaro mai rubuta abin da suka ci rani da damina.