Ruwan buɗa-baki a Mai Wurno

A azumin 2018 na bar Khartoum ta ƙasar Sudan bayan la'asar, ina son in kwana Wad Madani, tafiyar kusan kilomita 190. Rana na gab da faɗuwa sai ga maza sun tare titi, sun miƙe rawani daga wannan gefe zuwa wancan. Gabana ya faɗi. Ashe al'adar ƙauyukan Jazira ce, wato yankin da hanyar ta ratsa, ba sa barin matafiyi ya wuce da azumi a bakinsa. Aka sauke mu kaf, aka zaunar da mu a tabarmi. Wani yaro ya miƙo mini moɗa da wani ruwa ja mai duhu a ciki. Na kurɓa, na ji ɗaci da ƙaurin wuta, na ajiye a hankali na nemi zobo.

Washegari na wuce Sennar, na gangara Mai Wurno, a bakin reshen Nilu da ya fito daga Habasha. Garin jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas. Za ka ji Fulatanci, ka ji Larabci, ka ji Hausa irin wadda kakata take yi.

Mai masaukina abokin karatuna ne. Da na ba shi labarin moɗar jiya, ya ce, "Malam, hilu-mur ka ajiye? Yau sai an yi maka shari'a."

Aka fito da tire ƙofar gida, don a can ba a buɗa-baki a ɗaki. Ga asida, wato tuwon dawa mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, ga balila, wato dafaffen wake, ga dabino. Ga kuma kwanuka huɗu da ƙanƙara tana yawo a ciki. Mu shida ne, har da mahaifinsa.

Karkade dai zobonmu ne, sai dai sun jiƙa shi a ruwan sanyi, ba citta ba kanumfari, tsaminsa ya fito tsaf. Na ce namu ya fi, ƙanin abokina ya ce mun cika masa kayan yaji har ba a jin ganyen. Aradeb tsamiya ce, ba mu daɗe a kanta ba. Wanda ya ba ni mamaki shi ne gongolez. 'Ya'yan kukar nan ne da masu nono ke kaɗawa a wajenmu, ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, sai ga su fari tas, da kauri, suna sauka a maƙogwaro kamar madara. Na sha moɗa biyu ban ce uffan ba.

Sai dattijon ya tura mini kwanon ƙarshe. "Ɗana, kada ka kurɓa kamar magani. Ɗaga kai ka sha." Na ce, "To, Baba." Ɗacin ne ya fara isowa, sai zaƙi ya biyo, sai ƙamshin kirfa da citta ya tsaya can bayan harshe. Abin da na lura da shi kuwa, ƙishin da zobo bai kashe ba, wannan ya kwantar da shi.

Bayan tarawihi innar gidan ta aiko mini da busasshensa in gani. Falle-falle ne baƙi-baƙi, a naɗe kamar tsohuwar takarda, yana karyewa a hannu. Abokina ya ce aikin tun watan Sha'aban ake fara shi. A jiƙa dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da gari da kayan ƙamshi, a bar shi kwanaki ya yi tsami. Sannan mata su taru gida-gida suna shafa shi a farantin ƙarfe bisa wuta, hayaƙi na cin idonsu. Ƙaurin da na ƙi a hanya daga nan yake. Na ji kunyar moɗar da na ajiye wa yaron nan.

Muhawara ba ta mutu ba. Ƙanin ya tsaya kan gongolez, wani malamin makaranta ya ce godo-godon gero da Hausawa suka kawo ƙasar ya fi su duka. Ni a dare na uku da kaina na jawo kwanon hilu-mur gabana.

Ranar da zan tafi inna ta ƙulle mini falle goma a leda, ta ce in jiƙa tun azahar, in tace sau biyu, kada in yi rowar sukari. Na yi ta tattalinsu har azumi biyu. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin Ramadan, daga baya ya kai jihar Sennar. Da na samu abokina a waya bayan watanni, na tambayi Baba, na tambayi yara, ya ce suna raye. Na ce inna fa, ta yi hilu-mur bana? Ya yi shiru, sannan ya ce dawar da suka samu ta tuwo ce.