Godiyata, bayan shekara guda da kaye biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Ran Lahadin da ta wuce, ana idar da sallar asuba, mu tara muka tashi daga ƙofar filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, muka gangara ta Katako, muka bi ta gefen gidan tarihi na Boubou Hama, muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, sannan muka juyo da ƙafa har inda muka faro. Awa biyu da kwata. Masu gudun safe za su yi dariya, su ce wannan ai ɗumama jiki ne. Su yi. Ni dai bara war haka, taku arba'in da ke tsakanin ɗakina da famfon tsakar gida sai an riƙe ni nake yin su.

Daren Asabar na ɗauko kaye biyun, wato littattafan rubutun da na cika a shekarar nan, irin na 'yan lakwal mai shafi 200, na karanta su daga farko. Niyyata in ga ƙoƙarina, in ɗan yaba wa kaina. Sai na tarar da bashi. Kusan babu shafin da ba hannun wani a ciki: wance ta goya yarinya, wane ya kawo magani, wance ta buga ƙofa ta ce in fito. Shi ne na ce bari in fito fili in yi godiya, tunda a fili aka yi mini alherin. Ba zan kama suna ba, kowa ya san kansa.

Shekara bakwai muna jiran cikin nan. Da ya shiga wata tara ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ta shiga, kowa ya ce ai haka ciki yake. Ranar da abin ya yi tsanani, ciwon kai ne ya tashe ni da tsakar dare, ina ganin wasu taurari-taurari a idona. A asibiti aka auna tansiyon, wato awon hawan jini, aka ga 17 bisa 11, ga shi mai ciki in ta kai 14 bisa 9 ma an fara tsorata. Suka ce jijjiga ce ke tafe, suka yi mini allurar tare ta, suka ce jira ya ƙare, sai tiyata. Na zubar da jini da yawa. Leda biyu aka ƙara mini.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga maƙwabcinmu mai taksi, wanda aka tasa ƙarfe biyu na dare ya fito da rigar barci, har yau ya ƙi karɓar ko dala. Sai samarin fadar maigidana. Ni ce na sha yi musu tsegumi, ina cewa ba su da aiki sai shayi da gardamar ƙwallo. Ranar su shida suka je bayar da jini, da safe, ko karyawa ba su yi ba. Na janye maganata. Ku ci gaba da shayinku, sikarin wata guda yana wuyana.

Ga ungozomar da ta sallame ni kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba, don ita ce ta ɗora ni a kan hanyar nan ba tare da ta sani ba. Cewa ta yi tansiyon ba ya sauka don an haihu kawai, in nemi abin awo, in riƙa rubuta lambar safe da yamma, in kawo mata ta gani. Shafin farko na kayen nan ba kome a ciki sai lambobi. A kwana na tara ne na ƙara layi ɗaya a ƙasa: “Yau na yi kuka ban san dalili ba.” Da na kai mata, na so in rufe wurin da yatsa. Ta ɗage yatsan ta karanta. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in gode wa Allah da ya ba ni abin da na daɗe ina nema ba, wanda shi ne kowa ke faɗa mini. Cewa ta yi wannan ma ciwo ne da ke samun masu jego da yawa, in ci gaba da rubuta shi kamar yadda nake rubuta tansiyon, in ya wuce mako biyu bai sassauta ba in dawo, akwai wanda za ta haɗa ni da shi. Na koma kuwa, kuma ban ji kunyar faɗa ba yanzu.

Inna. Nan ne alƙalamin ke nauyi.

Daga Tawa ta taso washegarin haihuwar, tafiyar sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tsohuwar da ko zaman tabarma gwiwarta ba ta so. Ta iso da buhun gero, da kanwa ƙulle a tsumma, da niyyar yi mini wankan jego irin wanda aka yi mata, ruwa na tafasa ana tsoma ganye ana fyaɗawa, a bi da kunun kanwa kwarya guda. Likita kuwa ya riga ya hana. Ya ce kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ɗaga tansiyon, ta wahalar da zuciya, ga ɗinki ɗanye da ba ya son ruwan zafi. Kwana uku muna ja. Ta ce, “Ku ɗiyan zamani, mi kunka sani? Da shi munka haihe ku, munka tashi garau.” Ni kuma bakina bai iya musu da ita ba, sai hawaye. A rana ta huɗu, ba wanda ya roƙe ta, ta bi maigidana asibiti ta ce a gaya mata da kunnenta. Ta dawo ba ta ce uffan ba, ta kai kanwar gidan maƙwabta, ta dama mini kunun gero zalla. Ruwan wanka kuma ta koma sirka shi tana gwadawa da gwiwar hannu. Wanda ya san tsofaffin Adar ya san abin da wannan saukowar ta ci mata.

Ni ce 'yar farinta. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai “ke” ko “waccan”, kamar yadda kunya ta tanada. Wani dare tansiyon ya sake hawa, ina kwance ido rufe, ta zaci barci nake. Sai na ji ta dafa goshina ta kira sunana, sau biyu, a hankali. Ban motsa ba, don kada in ba ta kunya. Amma na rubuta shi, yana shafi na 23. Inna, ba kya karatun boko, na san kuma ƙannena za su karanta miki wannan don su ga yadda za ki yi. Ki yafe mini tonon asirin. Allah ya ja da ranki, ya sa ki ga auren jikarki.

Yanzu ga ni da tawa 'yar farin, kunyar ta gado ta hau kaina. A gaban surukai ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, in ta yi abin dariya sai in kau da kai. Kaye ne ya zama inda nake sakin jiki. A can na rubuta ranar da ta fara murmushi, ranar da ta juya da kanta, yadda ta ɓata fuska da aka fara ba ta koko bayan wata shidan nono zalla. Wata shidan nan ma yaƙi ne, don a zafin watan Afrilu kowa ya shigo sai ya ce ƙishirwa za ta kashe yarinya, a ba ta ruwa. Na gode wa Hajiya, uwar maigidana, da ta tsaya ta ce an gaya mana a wurin awo nono ya ishe ta, wanda ya ba jikarta ruwa shi da ita. Daga ranar ba wanda ya sake.

Dokar da na sa wa kaina ƙarama ce: kowane dare layi uku, tansiyon, mintocin tafiya, da abu ɗaya da ya faru. Wata rana layi ukun ya zama shafi huɗu, wata rana kuma “ban iya ba” kawai za a gani. Na ƙirga, kwana 41 babu kome. An sha ɗauke kuran ina tsakar rubutu, in ƙarasa da fitilar salula. Abin da rubutun ya yi mini shi ne ya hana ni yi wa kaina ƙarya. In zuciya ta ce mini ba na ci gaba, sai in koma baya wata guda in ga minti 10 sun zama 20. In kuma ta ce mini ina ƙoƙari, sai in ga mako guda cur ban fita ba. Har fushina na gano yana da lokaci: duk daren da barcina bai kai awa huɗu ba, washegari sai na yi wa wani rashin kyautawa, galibi maigidana.

Malam, kai ma ka ji. Na san abin da aka riƙa faɗa da aka ga matarka da takalmin gudu a ƙarƙashin hijabi, ana cewa ko gasar kokowa za ta shiga ta ɗauko mana takobi. Ka shanye, ba ka taɓa kawo mini maganar gida ba, a bakin wasu na ji. Kai ka saya takalmin, kai kake zama da yarinya daga dawowa masallaci har bakwai saura. Goyo dai har yau ba ka iya ba, zanen kullum a karkace, amma ba ta taɓa faɗuwa ba.

Tafiyar kanta sai da likita ya duba ɗinki bayan mako shida ya ba da izini. Ya ce a hankali, abin da ake so a kai shi ne minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato minti 30 sau biyar. Na fara da zagaya tsakar gida, sai bakin layi, sai kantin kusurwa. Wata huɗu na ɗauka kafin in kai minti 30 ba tare da na nemi dakalin wani na zauna ba. Kilo 13 ne suka tafi a shekarar, amma ba su ne abin alfaharina ba. Ƙwayar tansiyon da likita ya rage mini daga biyu zuwa ɗaya ta fi mini su.

A watan Mayu na aje. Hutun haihuwa na mako 14 ya daɗe da ƙarewa, na koma aji, ga zafin Yamai da ko asuba iska kamar daga bakin murhu, ga raino. Kwana 19 a jere ban fita ba, ban rubuta ba. Maƙwabciyata Bazabarmiya, wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin, take fama da ciwon sikari, ita ta zo ta tsaya a ƙofa da sandarta. Hausarta a karye, Zabarmancina ya fi nata Hausar karyewa, amma na gane. Ta ce ita likita ya ce ta yi tafiya, kuma ba ta son tafiya ita kaɗai, in taimake ta. Sai daga baya na gane wa aka taimaka. Daga mu biyu muka zama huɗu, muka zama tara. Iya, fofo, na gode, Allah ya ƙara miki lafiya.

Malaman lakwal ɗinmu da suka riƙe mini aji ranakun awo da rigakafi, da matan adashenmu da suka ba ni kwasar da ba tawa ba lokacin da takardun magani suka taru, Allah ya saka muku da alheri. Haka ƙanwata da ta bar hutunta na jami'a ta kwana biyar da ni a asibiti cikin watan Satumba, da zazzaɓin cizon sauro ya kama yarinya. A kwanakin nan ban iya riƙe bik ba, ita ta riƙa rubuta mini layi ukun, da rubutunta mai kama da tafiyar kaza. Na bar shafukan yadda suke.

Wanda na manta, ya yafe. Wanda na ɓata wa rai a watannin da ba ni da kaina, musamman waɗanda suka zo barka na ƙi fitowa, su ma su yafe, ba raini ba ne.

Da muka kai tsakiyar gada ran Lahadi, hazo ya rufe kogi, masu kwalekwale sai inuwarsu, na kira Inna na ce mata ga ni bisa gada da ƙafata. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, ke, wa ka riƙon ɗiyar?” Na ce babanta. Ta ce in yi maza in koma kafin ya kada ta.

Masu tambaya ko za su iya shiga cikinmu, ƙofa a buɗe take. Muna haɗuwa bakin filin wasa shida saura kwata, ban da Juma'a da Lahadi. A zo da ruwa da rigar sanyi. Mai sabon ɗinki ko hawan jini ta fara ganin likitanta tukuna, mai goyo kuma ta zo da goyonta, akwai bayan da za a karɓa mata.